Auna Hawan Jinin Dattijo a Gida: Yadda Ake Yi da Inda Ake Kuskure

Yawancin tsofaffi masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu. Ba ciwon kai, ba jiri, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Idan shekaru suka ja, jijiyoyin jini kan yi tauri, shi ya sa, a cikin lambobi biyu da na'urar awo ke nunawa, lambar sama ke haurawa a jikin dattijo ko da ta ƙasa tana daidai. Awo ne kawai zai nuna.

A nemi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu faɗin gaskiya. A duba girman maɗaurin: ƙaramin maɗauri a katon damtse kan ba da lamba sama da ta ainihi.

Kafin awo da minti 30, ba goro, ba shayi mai ƙarfi, ba taba. Ya yi fitsari tukuna, don mara a cike tana ɗaga lamba. Kada a auna Baba yana kishingiɗe a tabarma ko ya harɗe ƙafa. A zaunar da shi a kujera mai majingina, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ya huta minti 5. A tuɓe babbar riga gaba ɗaya, domin naɗe hannunta matse damtse yake yi. A ɗaura maɗaurin kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Sannan shiru. Gaisuwar baƙo ma ta jira, magana tana sauya awon.

A auna sau biyu, da tazarar minti 1 zuwa 2, safe kafin shan magani da kuma yamma, har kwana 7, ana rubutawa. A ajiye na ranar farko gefe. A asibiti 140/90 ne iyaka, amma a gida idan matsakaicin awon sauran kwanakin ya kai 135/85, ya isa a ga likita. In ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu, asibiti nan take.

Abin da aka fi mantawa: a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye na minti 1 zuwa 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko yana ganin jiri, a sanar da likita, don irin wannan ne ke kayar da tsoho a banɗaki da asuba.

Cikin abubuwan da ke kawo hawan jini, shekaru da gado ba a canza su. Gishiri kuwa yana hannun mai girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen miya, yaji da taliyar leda duk suna cikin lissafin. Daddawa, albasa da tafarnuwa suna rufe gurbin ɗanɗano. Ƙiba, ciwon sukari da yawan zama suna ƙara haɗari. Haka maganin ciwon gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis: suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda.

Idan lamba ta sauka, maganin ne ke aiki, kada a daina. Cikin magungunan hawan jini, amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan kawo busasshen tari. A koma wa likita ya canza, haka ma kafin azumi a tambaye shi lokutan sha.