Yadda zaka fara kallon tsuntsaye a bakin kogin Nil

Jama'a wannan abu baya buƙatar kuɗi ko kaɗan, wuri ɗaya zaka zaɓa a bakin ruwa ka riƙe shi shekara guda cur, shikenan. Mu nan Maiurno da Sinnar a Sudan Allah ya hutar damu tunda Shuɗin Nil na nan bayan gida, na Wad Madani ma haka. Kar ka riƙa yawo yau nan gobe can, wanda ya nace wa gaɓa ɗaya shi ke gane waye ɗan gida waye baƙo.

Lokaci kuwa daga sallamar asuba zuwa hantsi ne, ko bayan la'asar sakaliya. Ka sa rana a bayanka, in tana gabanka duk tsuntsu baƙi zaka ganshi. Farar jallabiya a barta a gida, tun daga nesa suke hangota su tashi, ka nemi kaya masu ruwan ƙasa ka zauna gindin bagaruwa kayi shiru, minti goma kawai zakaga sun manta da kai. Da farko ka duba girma, sai baki, sai ƙafa, launi shi ne na ƙarshe don shi yafi ruɗin mutum. Zalɓe misali in ya tashi naɗe wuyansa yake, shamuwa da gauraka kuwa miƙar da nasu suke, da wannan kaɗai ka raba su ko a sama suke.

Farkon damina shamuwa ce labari, wadda Larabawan nan ke ce wa simbir, tana tasowa daga kudancin Afirka wajen watan biyar zuwa shida ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari ba mai taɓa ta. Wata takwas kogi ya cika ya yi ja, ya cinye tsibiran yashi, to bakin kogi ba daɗi lokacin, gara ka koma fadamu da bakin gonaki inda kirinjijiya ke wucewa da feɗuwarta, ga dinya, ga balbela bayan shanu, in dawa ta fara nuna kuma jan baki ya sauko kamar hayaƙi, manoma dai basa son wannan kallon.

Ni a ganina duk shekara ba kamar sanyi, wata goma sha ɗaya zuwa wata biyu. Ruwa ya ja baya ya bar taɓo da yashi, baƙi daga Turai da Asiya sun cika wuri, ƙananan masu dogon baki suna ta caka taɓo da gudu, kwasakwasa na iyo a jere, wani lokaci kaji kukan garken tsuntsayen nan masu kama da gauraka da ake kira rahu can sama tun kafin ka gansu. Zakaran ƙeƙuwa shi kam ɗan gida ne kuma ɗan tonon asiri, yana ganinka zai kwarma ihu kowa ya watse, sai dai haƙuri.

Da bazara abin ya ragu, duk inda ruwa ya saura nan suke taruwa, shi yasa a lokacin zaman lafiya ake zuwa gandun dajin Dindir, wanda aka kafa tun 1935, da rani. Ƴan uwa dake Fot Sudan naku daban ne, ku jira ruwan teku ya ɗan ja ku duba bakin gaɓa, akwai shaho mai kamun kifi da yake faɗawa ruwa da ƙafa.

Waya ta isa a fara, ka ɗau hoto ko murya, manhajar Merlin na taimakawa wajen suna, amma wallahi tsohon masunci ya fi ta sanin tsuntsun wurin, kai masa shayi ka sha labari. Ka riƙa rubuta rana da abinda ka gani.

Sai maganar tsaro, tun da yaƙi ya ɓarke a watan huɗu na 2023 tabaron hangen nesa ko kyamara kusa da gada, madatsar Sinnar ko shingen sojoji neman fitina ne, kar ma ka gwada. Kada ka shiga ruwan kwance na magudanan gona saboda tsargiya, kogin ma akwai kada a wasu wurare, ka tambayi masu kwalekwale kafin ka sauka gaɓar da baka sani ba.