Kurakuran da sababbin masu duba walda ba sa gajiya da maimaitawa

Duk shekara sai an turo mini sababbin yara masu takardar shaidar gwajin walda, kuma duk shekara kurakuran iri ɗaya ne, har bakina ya gaji da faɗa a bakin rami. Yawancinsu ba jahilai ba ne. Sun san sunan kowace na'ura, sun haddace lambobi. Abin da bai shiga kansu ba shi ne, na'ura tambayar da ka yi mata kawai take amsawa. In ka tambaye ta kafin lokaci, ko ka ɗauko wadda ba ta ganin irin aibin da kake nema, za ta ba ka amsa mai daɗi, ka sa hannu, bututun gas ko ginshiƙin gini ya tafi da ciwonsa a ciki.

Bari in fara da raina ido. Sabon shiga yana ganin aikinsa sai an gama walda an kira shi. To rabin aibin tun kafin a kunna inji ake haifarsa: tazarar bakin bututu ta yi kaɗan, baki biyu ba su hau juna daidai ba, an bar tsatsa ko mai ko danshi a wurin. Duk wannan ido da ma'auni ke kama shi, a kyauta. Ƙa'idar ASME, ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, a sashe na 5 ta ce kada idonka ya yi wa walda nisan da ya wuce milimita 600, kada kusurwar kallo ta gaza digiri 30, haske kuma ya kai kimanin lux 1000 a ma'aunin haske. Ni tocila nake kwantarwa a gefen walda, inuwa ce ke tona zaizayar gefe, wato ɗan kwarin da zafin walda ke ci a gefenta. Kuma kada ka tsallake ƙananan walda don ka ga ba su ɗauke da nauyi. Dandalin masu haƙar mai na Alexander Kielland da ya kife a Tekun Arewa ranar 27 ga Maris 1980, mutum 123 suka mutu, tsagar ta faro ne daga wata walda mai milimita 6 da ta riƙe mazaunin na'urar sauraron sauti a jikin wani tokari. Masu bincike sun tarar da fenti a cikin tsagar, wato tana nan tun ana ƙera shi, aka shafe ta aka wuce.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai: gaggawar gwaji. Akwai tsagewar da ba ta fitowa lokacin walda, ba ta fitowa da zafinta, sai ƙarfe ya huce an yi sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu. Haidurojin ne ke jawo ta. Yana shiga narkakken ƙarfe daga danshin sandar walda ko mai ko tsatsa, ya maƙale a ciki, sannan a hankali ya riƙa tafiya yana taruwa a inda ƙarfe ya yi tauri kuma yake a ɗaure, galibi a gefen walda inda zafi ya taɓa. Idan ya taru sai wurin ya tsage. Wanda ya yi gwaji awa biyu bayan walda ba ƙarya ya yi ba da ya rubuta babu komai. A lokacin babu komai ɗin. Amma rahotonsa na banza ne.

Wannan ya taɓa ci mini tuwo a ƙwarya. Aikin ginshiƙai ne masu kauri, ɗan kwangila ya yi hayar injin ɗaga kaya yana jira, kowace awa kuɗi take ci. Ya matsa wa yaron da ke ƙarƙashina, yaron ya yi gwaji da yammacin ranar da aka gama walda, ya ga fes, ya sa hannu, aka ɗaga ƙarfe aka kafa. Bayan kwanaki mai fenti ne, ba mai gwaji ba, ya ga wani siririn layi a gefen walda. Da aka bi sauran sai ga su nan. Aka sauke abin da aka kafa, aka yashe walda, aka sake, aka sake gwaji, kuma sunan ofishinmu ne a kan takardar. Ɗan kwangilar da ya yi matsin shi ya fara nuna mu da yatsa, bai kuma sake kiranmu ba. Don haka ku ji da kyau, ku masu jin kunyar ce wa foman a'a: ba ku aka ɗauka don ku faranta masa rai ba. In ya ce inji na jira, ka ce masa ya jira. In ya ce zai kira wani, ya kira. Ranar da walda ta buɗe, ba wanda zai tuna cewa an matsa maka, sa hannunka kawai za a ɗauko.

Ƙa'idar waldar ginin ƙarfe ta Amurka, AWS D1.1, ta wajabta jiran awa 48 kafin duban ƙarshe a ƙarafa masu ƙarfi irin A514 da A517. Ni nawa tsarin bai tsaya a waɗannan ƙarafa kawai ba, kuma na san akwai waɗanda ke ganin na cika: duk ƙarfe mai kauri, duk haɗin da ke a ɗaure ta ko'ina, duk gyara, sai ya kwana ya wuni kafin in taɓa shi. Ina sa mai walda ya rubuta ranar da ya gama da lokacin a jikin ƙarfen da alli, don kada a zo ana musu. Kuma maganin daga tushe yake. Sandar walda mai ƙarancin haidurojin, E7018, da aka buɗe kwalinta a tanda take zama, zafin da bai gaza digiri 120 na Salsiyas ba, kuma ba ta wuce awa 4 a waje. In ta wuce a sake gasa ta, sau ɗaya tak. Sandar E6010 da ake zagayen farko da ita a bututu kuwa ba a gasa ta, danshin rufinta na cikin aikinta, shi ya sa take da haidurojin da yawa, shi ya sa kuma zagaye na biyu ke binta da zafinta. In ka ga an yi zagayen farko an tafi hutu an bar shi ya sandare, rubuta lambar haɗin nan. Ɗumama ƙarfe kafin walda ma auna shi ake yi, ba a kai hannu kusa a ce ya yi.

Na ambaci gyara, bari in tsaya a kai. Sababbi suna gwada walda, su sami aibi, a yashe a cike, sai su leƙa da ido su ce shi ke nan. Wurin gyara ya fi asalin walda haɗari, domin ɗan ƙaramin wuri ne mai zafi a tsakiyar ƙarfe mai sanyi, yana hucewa da sauri, a ɗaure yake ta kowane gefe. Gadar Hernando de Soto da ke kan kogin Misisipi a Memfis ta Amurka, an rufe ta a watan Mayun 2021 har kusan wata uku saboda karayar da aka gano a wani babban ƙarfenta. Bincike ya nuna tsagar ta faro ne daga wurin da aka yi gyaran walda tun ana ƙera gadar a shekarun 1970. Gyara a sake gwada shi da irin gwajin da ya kama aibin, a ƙara da tazara hagu da dama, bayan an jira.

Na biyu da nake zafi a kai shi ne bauta wa fim. Da yawa sun ɗauka in an ɗauki hoton walda da hasken eksire ko na gama, masu ratsa ƙarfe, fim ya fito tas, magana ta ƙare. Fim bambancin kauri yake gani. Ramukan iska da kashin walda da ya maƙale a ciki suna da jiki, suna fitowa ɓaro-ɓaro. Amma tsaga, ko wurin da walda ba ta kama bangon haɗi ba, sirara ne kamar takarda a tsaye: in haske ya bi ta tsawonta za ka gan ta, in ta ɗan karkace ba za ka ga komai ba. Abin takaicin kuwa, waɗannan siraran su ne ke karya bututu, ramukan iskan da ake ta ƙirgawa ana yi wa mai walda tsawa a kansu ba su kai su illa ba ko kusa. Na sha ganin an yanke haɗi saboda 'yan ramuka, an bar maƙwabcinsa mai rashin kamawa saboda fim ɗinsa ya fi kyan gani. A ƙarfe mai kauri, da bututun da inji ke wa walda a matsattsen baki, gwajin sauti nake nema, wanda ake tura sauti cikin ƙarfe a karanta amon da ya dawo, domin amon sauti daga irin wannan bangon yake dawowa. In injiniya ya nace sai fim, a yi fim, amma ina rubuta masa abin da fim ba zai gani ba.

Ko fim ɗin ma sai ya cika sharaɗi kafin a karanta shi. In siririyar wayar da ake ɗorawa a kan walda don auna ingancin hoto, wadda ya kamata ta fito a fim, ba ta fito ba, fim ne ya faɗi, ba a kai ga maganar walda ba. Duhunsa a ƙa'idar ASME kada ya gaza 1.8 a eksire, 2.0 a gama, kada ya wuce 4.0. Ƙwayar iridiyom 192 mai fitar da hasken gama kuma ƙarfinta na raguwa da rabi duk kwana 74, don haka wanda ya kwafi lokacin ɗauka daga littafin wata biyu baya zai fito da farin fim, ya kuma zauna yana karanta shi.

Kada kuma masu gwajin sauti su yi murna, nasu kurakuran na nan. Ba a fara aiki ba a saita na'ura a kan ƙarfen saiti ba, a sake bayan aiki, a sake in an canja kai, wato abin da ke tura sautin, ko waya. A fara bin gefen walda da kai na tsaye, domin in farantin ƙarfen na da rabuwa a cikinsa zai tare sautin kusurwa ya ɓoye maka aibi. Kusurwa ɗaya ba ta isa, digiri 45 da 60 da 70 kowanne da abin da yake kamawa. Babban ruɗani kuwa a gindin walda yake, inda tudun gindi ko ƙarfen da aka tokara a baya ke dawo da amo kamar na aibi. Sabo ko dai ya kira kowane amo tsaga, ko ya kira kowace tsaga amon gindi. Bayan girgizar ƙasar Northridge a Kalifoniya ranar 17 ga Janairun 1994, an tarar da haɗin ginshiƙai da yawa a gine-ginen ƙarfe sun tsage, da dama daga gindin walda inda aka bar wannan ƙarfen tokarin. Ni zana haɗin nake yi a takarda da girmansa na gaskiya, in ja layin sauti da rula, in ga daga ina amon ya taso. Yara na dariyar wannan, su yi ta yi.

Sauran a gurguje. A gwajin jan ruwa, wanda ake shafa jan ruwa ya shiga tsaga, a goge, a fesa farar hoda ta jawo shi waje, kada ka fesa ruwan gogewa kai tsaye a kan walda, ka wanke jan da ya shiga tsaga ke nan. A tsumma ake fesawa a goge. Ba shi aƙalla minti 5 ya ratsa, farar hoda kuma minti 10 kafin ka yanke hukunci, kuma siririn feshi ake yi, mai kauri rufe alama yake. Gurza walda da dutse kafin wannan gwaji na iya like bakin tsaga. Ƙarfen da zafinsa ya wuce digiri 52 ya fita daga iyakar gwajin da aka saba. A gwajin maganaɗisu, wanda ake barbaɗa garin ƙarfe ya taru a bakin tsaga, ɗora maganaɗisun ta fuska biyu masu gicciye da juna, tsagar da ta bi layin maganaɗisun ba ta tara gari. Gwada ƙarfinsa da safe, mai wutar AC ya ɗaga kilo 4.5. Alminiyom da yawancin sitenles ba sa jin maganaɗisu, kada ka ba da kanka. Tabon da sanda ta bari inda mai walda ya kyasta wuta a jikin bututu ba ado ba ne, wuri ne mai tauri, a gurje shi a auna kaurin da ya rage.

Sai ɗauko ƙa'idar da ba ta aikin ba. Bututun mai da gas galibi API 1104 ne, ginin ƙarfe AWS D1.1, wasu ayyukan ISO 5817 mai matakai B da C da D. Abin da wannan ta yafe waccan na iya ƙi. Ko a cikin D1.1, zaizayar gefe ta milimita 1 na iya wucewa a ƙarfen da nauyinsa ke zaune, amma a babban ƙarfen da nauyi ke hawa yana sauka, in ta gicciye hanyar da nauyi ke jan ƙarfen, iyakarta milimita 0.25. Tambayi wace ƙa'ida ce, bugun wace shekara, kafin ka buɗe jaka. Mai mataki na 1 a tsarin ISO 9712 na ba masu gwaji takardar shaida kuma gwaji yake yi ya rubuta abin da ya gani, hukunci na mai mataki na 2 ne.

Masu ɗaukar hoto da hasken gama, ba na sassauci da ku a abu ɗaya. Juya hannun na'ura baya ba ya nufin ƙwaya ta koma gidanta. Mitar auna haske ce ke tabbatarwa, bayan kowace ɗauka, ba sau ɗaya a wuni ba. A Yanango ta ƙasar Peru a watan Fabrairun 1999, ƙwayar iridiyom ta fita daga na'urarta a wurin aikin tashar lantarki, wani mai walda ya tsinta bai san mece ce ba ya sa a aljihun baya. Sai da aka yanke masa ƙafa. Duk wanda na kama ya nufi bututu mitarsa na cikin mota, ranar ya gama aiki.

Rahoto kuma a wurin ake cika shi, ba da dare a ɗaki daga abin da aka tuna ba. Bututun gas da ya fashe a San Bruno ta Kalifoniya ranar 9 ga Satumban 2010 ya kashe mutum 8, an binne shi tun 1956, takardu na cewa bututu ne marar ɗinki, alhali guntun da ya fashe yana da ɗinkin walda a tsawonsa wanda ba a ma cike shi ta ciki ba. Lambar haɗi, lambar mai walda, inda sifili ya fara a zagayen bututu da inda aka nufa, su zama iri ɗaya a jikin ƙarfe da fim da takarda. In ka ce aibi na santimita 40 daga sifili ba ka nuna ta wane gefe ka zagaya ba, lafiyayyen wuri za a yashe a bar mai ciwon, a kawo maka sabon fim mai tsabta ka sa masa hannu.