Masu zuwa Guangzhou daga Kano, ku duba tikitinku da kyau

'Yan uwa 'yan kasuwa, ga wata shawara. Lokacin tashi da na sauka da aka rubuta a tikiti, kowanne agogon garinsa ne. China ta riga Najeriya da awa 7. Shi ya sa in ka ƙirga kai tsaye, sai ka ga tafiyar ta fi tsawonta na gaskiya.

Ta Addis Ababa, daga filin jirgi na Malam Aminu Kano zuwa filin Bole na Addis wajen kilomita 3,300 ne, kusan awa 5 a sama. Daga nan zuwa filin Baiyun na Guangzhou kuma wajen kilomita 8,000, awa 10 ko fiye. A wannan zangon ne ƙafa ke kumbura. Ni nakan nemi kujerar gefen hanya, in riƙa tashi ina taka ƙafa, in sha ruwa sosai. Takalmi ma mai faɗi nake sawa.

Maganinka da cajar waya su kasance a jakar hannu. Kuma don Allah kar ka yanki tikitin da jiransa a Addis bai kai awa 2 ba, jinkiri kaɗan daga Kano zai sa jirgin China ya tashi ya bar ka.