Darasi na 6: Abin da ke hana talaka samun tallafin abinci

A arewacin Kamaru yunwa tana da lokacinta: daga Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Hukumar hatsi ta Office Céréalier da ke Garwa tana sayen hatsi da kaka, ta adana, ta sayar da rahusa idan farashi ya hau. Akwai kuma shirin Filets Sociaux, wanda ke ba gidajen da aka zaɓa kuɗi, sefa 20,000 duk wata biyu. Amma sau da yawa tallafin yakan tsallake gidan da ya fi bukata.

Yawanci tun wajen rubuta suna ake yin asara. Ana tantance gidaje a taron gari, gaban jauro ko lawan, wato masu sarautar gari. Ranar kuwa maigida yana gona, uwargida ba ta fita, bazawara mai marayu tana jin kunyar a kira ta matalauciya a bainar jama'a. Wanda bai zo ba, da wuya a tuna da shi. Ku tura babba ɗaya daga kowane gida, ku nemi a karanta sunayen da ƙarfi kafin a tashi.

Sai takarda, kuma nan ne aka fi shan wahala. Mai biya yana duba katin ɗan ƙasa. Idan an rubuta Hauwa a rajista, kati kuma yana cewa Haoua ko Awa, ana iya mayar da mai sunan gida hannu wofi. Baiwar Allah, ki riƙe katinki ranar rajista, a kwafi sunan harafi da harafi. Wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai sami kati ba, kuma idan wa'adin yin ta ya wuce, sai an bi ta kotu, abin da ke cin watanni. A fara nema tun rani. Idan ta waya za a biya, layin ya kasance da sunan mai karɓa, kada a ba kowa lambar sirri.

Hatsin rahusa ma da kuɗi ake saye. Idan buhu ya fi ƙarfin gida ɗaya, gida huɗu su haɗa kuɗi, su biya mota sau ɗaya, su raba da mudu gaban shaida. A ɗauko kafin mayo, wato kogi, ya cika ya yanke hanya.

Aiki: kowa ya rubuta sunansa sau uku daidai yadda yake a katinsa.