Yadda Ake Kauce wa Lalacewar Tsoka Sakamakon Motsa Jiki Mai Tsanani

Idan mutum ya tilasta wa jikinsa aikin da ya fi ƙarfinsa, ƙwayoyin tsoka sukan fashe su zubar da abin da ke cikinsu a jini, ciwon da likitoci ke kira rabdomayolisis. Cikin abin da ke zubar akwai furotin mai suna mayoglobin, wanda kan toshe ƙananan hanyoyin tacewa na ƙoda har ta kasa aiki, da kuma sinadarin fotasiyam, wanda yawansa kan rikita bugun zuciya.

Matakin farko shi ne a fara da kaɗan, a riƙa ƙara nauyi da yawan maimaici a hankali cikin makonni. Wanda ya dawo atisaye bayan dogon hutu ya fi kowa buƙatar wannan gargaɗi, domin yana tuna nauyin da yake ɗagawa a da, alhali tsokarsa ta riga ta saki.

Na biyu, a sha isasshen ruwa, a guji atisaye cikin tsananin zafi ko bayan shan barasa. Masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila da masu shan maganin rage kitsen jini na rukunin statin su fara tuntuɓar likita.

Na uku, wanda a ganina aka fi sakaci da shi, shi ne rarrabe gajiya da alamar haɗari. Tsamin jiki na yau da kullum yakan lafa bayan kwana biyu ko uku. Amma idan ciwon ya wuce misali, gaɓa ta kumbura, mutum ya kasa miƙe hannu ko hawa matakala, fitsari ya ragu ko ya koma launin baƙin shayi, to al'amarin ya wuce gajiya. Alamomin sukan bayyana cikin awa 24 zuwa 72, kuma ba kowane majinyaci ne fitsarinsa ke sauya launi ba.

Na huɗu, idan aka ga waɗannan alamomi, a dakatar da atisaye a tafi asibiti a ranar, kada a sha ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara wa ƙoda nauyi. Za a auna sinadarin CK, wanda tsoka ke zubarwa idan ta lalace, a jini, kuma idan ya ninka iyakar da aka saba sau biyar ko fiye, ana ɗaukar ciwon ya tabbata. Maganinsa ƙarin ruwa ne mai yawa ta jijiya, wasu kaɗan kuma sai an kai ga wankin ƙoda. Ba a komawa atisaye sai likita ya ba da izini.