Yadda na gyara kuskuren manhajar karanta takardun gwajin zuciya

Aikinmu shi ne mayar da tsofaffin takardun gwajin zuciya, wato ECG, zuwa lambobi a kwamfuta ba tare da takardar majinyaci ta bar asibitinsa ba. Kowane asibiti yana horar da manhajar a kan kwamfutarsa, ya turo mana abin da ta koya kawai, mu haɗa mu mayar masa.

Bayan haɗawa sai manhajar ta riƙa nuna rabin bugun zuciyar gaskiya a takardun wani asibiti. Da na bincika, ashe na'urarsu tana fitar da takarda da gudun milimita 50 a daƙiƙa, sauran kuwa 25. A gudun 25, ƙaramin gida ɗaya cikin gidajen da aka zana a kan takardar daƙiƙa 0.04 ne, a 50 kuwa 0.02, amma manhajar tana lissafi kamar duka a gudun 25 suke.

Sai na sa ta fara karanta gudun da aka buga a gefen takardar, ta auna gidajen, kafin ta bi layin bugun. Na kuma sa a yanke wurin suna da lambar majinyaci tun a can asibitin. Wannan ya fi damuna ƙwarai, domin ana iya ciro wani ɓangare na hoto daga abin da manhaja ta koya. Yanzu adadin bugun zuciyar yana dacewa da wanda likitocinsu suka ƙirga da hannu.