Yadda Za Ka Gyara Shago, Ɗakin Taro ko Ofis Don Mai Keke da Mai Sanda Su Iya Shiga

Duk wanda ya bi Titin Ahmadu Bello a Kaduna, ko ya zaga Tudun Wada da Kawo, zai ga abu ɗaya a gaban shaguna da yawa: kwata a buɗe, sai matakala uku ko huɗu da aka ɗaga saboda ruwan damina. An tare ruwa kam, amma an haɗa da mai keken guragu, da tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana ta ɗaga ƙafa, da wanda shanyewar ɓarin jiki ya bari da sanda. Da kuɗinsu suke zuwa, kuma ba su zuwa su kaɗai. Iyalin da ke neman ɗakin walima, in suka ga kakar amarya ba za ta iya hawa ba, wani wurin za su kama, kuɗin hayar duka ya bi su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na da naƙasa mai tasiri a rayuwarsu. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda ya kori wannan adadi daga bakin ƙofa?

Doka ma ta shigo ciki. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Tarar nuna wariya Naira miliyan 1 ce a kan kamfani, mutum ɗaya kuwa Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Mai sabon gini ya sa gyare-gyaren da ke tafe a zane tun kafin ya kai wa KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, domin fasa abin da aka riga aka gina ya fi tsada nesa.

A fara da gangara, wato hanyar da keke zai bi a madadin matakala, don nan aka fi ɓarnar kuɗi. Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce, kowane birkila zai gane ta: duk inci 1 na tsayi, ƙafa 1 na tsawo. Matakala uku masu inci 6-6 sun kama inci 18, ke nan gangarar ƙafa 18. Yawanci birkila kan ga wurin ya yi kaɗan, sai ya matse ta a ƙafa 5 ko 6. Irin wannan mai keke ba ya iya hawanta, in ya matsa keken ya kife da shi ta baya, wajen saukowa kuma ya sulale har titi. Ta zama hanyar shigar da babur kawai. In filin gaba bai isa ba, a kwantar da ita a jikin bango ta bi faɗin shagon, ko a lanƙwasa ta biyu.

Faɗinta kada ya gaza ƙafa 4. A sama, daidai bakin ƙofa, a bar fili a miƙe, ƙafa 5 da ƙafa 5, domin ba wanda zai iya riƙe keke a kan gangara da hannu ɗaya yana tura ƙofa da ɗayan. A gefe a ɗora ɗan dakali na inci 4 don kada taya ta zame waje, sannan mai walda ya kafa ƙarfen riƙo a ɓangarori biyu, tsayin ƙafa 3. Kankare mai kaurin inci 4, kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, zai ci buhu 4 zuwa 5 a gangarar ƙafa 18, ban da bulon gefe. Tun yana ɗanye a ja tsintsiya a gicciye a kansa ya yi kaushi, a yi masa ban ruwa kwana 7. Kada a yarda a shimfiɗa tayil mai sheƙi. Ruwan Agusta na taɓa shi ya zama tarko, har ga mai lafiyar ƙafa. Kwatar gaba a rufe ta da murfin kankare daidai da ƙasa. In ƙarfe aka sa, ramukan kada su wuce rabin inci, don ƙaramar tayar gaba da bakin sanda na maƙalewa a ciki.

Ƙofa ta zama mai ƙafa 3, dokin ƙofa kada ya haura rabin inci. A ciki, a sauke wani ɓangare na kantar shago zuwa inci 30, kuma na'urar POS ta zama wadda za a iya miƙa wa mutum a hannu.

Banɗaki shi ne ke yanke ko mutum zai zauna har a tashi taro. Mai keke da ya san ba zai iya shiga ba yakan ƙi shan ruwa tun safe, ko ya ƙi zuwa sam. Ɗaki ɗaya ya isa, amma ya kai ƙafa 5 da ƙafa 7 da ɗoriya, ƙofarsa ta buɗe waje, saboda in mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki. Masai na zama, tsayin inci 18, da ƙarfen riƙo a bango wajen inci 33. A kafe ƙarfen da dogayen kusoshi cikin bulo mai ciko, don nauyin mutum duka zai ɗauka. Famfo da buta su kasance inda hannun wanda ke zaune zai kai. Abin takaicin da aka fi gani shi ne a gama wannan aiki, sannan a mai da ɗakin ma'ajiyar bokiti da kujeru, makulli kuma yana aljihun wanda ya tafi gida.

Sauran gyaran kusan kyauta ne. A shafa fenti ruwan ɗorawa a bakin kowace matakala don masu raunin gani. A ajiye biro da takarda a kan kantar shago, a rubuta farashi da lambar WhatsApp a fili saboda kurame. A babban taro a ɗauko mai fassara da maganar hannu. A koya wa yaran shago su yi magana da makaho kai tsaye, ba da ɗan jagoransa ba, kuma kada su tura keken kowa sai sun tambaya.

A ofis, ma'aikaci makaho na aiki da kwamfuta ta manhajar NVDA mai karanta rubutu da murya, wadda ba a biya. Mai keke kuwa teburi a hawan ƙasa yake buƙata, mai sararin inci 27 a ƙarƙashi don gwiwa ta shige.

Kafin a zuba kankare, a gayyato mai keke daga ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta unguwa ya duba awon da idonsa, a biya shi ladan lokacinsa. A tuna cewa keken hannu mai taya uku da aka saba gani a titunan Kaduna ya fi keken asibiti tsawo, don haka in akwai hali a ƙara wa filin juyawa ƙafa 1 ko 2.